"Kina da miji?": tambayar da ake fara yi a bakin tebur

Ungozomar Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiya, ki yi mini izini, yau zan taɓo maganar da na san za ta sosa ran wasu, amma kwana uku ke nan tana cina. Wata mata aka kawo mana, ta kusa arba'in, Bahaushiya, mai tuyar ƙosai. Wata takwas jini yana zubar mata, ba na al'ada ba. Tsohon zani take yagewa tana tarewa, ta turara jikinta da turaren wuta don kada a ji wari. Da na duba ta gabana ya faɗi. Sankarar bakin mahaifa ce, kuma ta yi nisa.

Na ce me ya hana ki zuwa tun farko? Ta ce ai ta taɓa zuwa wani asibiti shekara uku da suka wuce, lokacin farin ruwa ne kawai yake damunta. Ba ta jin Faransanci, Fulatancinta na cinikin kasuwa ne, sai ta ɗauki ɗan yayarta ɗan makaranta ya yi mata tafinta. Tambayar farko: kina da miji? Ta ce aurenta ya mutu tun tana yarinya. Ta biyu: akwai wani namiji? Yaron ya sunkuyar da kai ya fassara. Ta ce babu. Sai aka ce mata to ba sai an duba ta ciki ba, aka rubuta mata maganin sanyi a karne, wato littafin asibiti, ta tafi.

Wannan karon wata ce ta kawo ta a bayan moto. Ita ta riƙe mata takalma, ita ta kwance kuɗi daga bakin mayafi, 'yan ɗari biyar-biyar da suka sha mai, ita take wanke tsumman. Abokiyar aikina ta ce ke wace ce a wurinta? Ta ce maƙwabciya. Sai da dare, mu biyu kaɗai, mara lafiyar ta gaya mini shekara goma sha ɗaya suke tare. Ta ce ita ta ɗauka irin wannan ciwon daga maza kaɗai ake samu, kuma da ma ko ta so ta tambaya, a gaban wa?

Tambayata ita ce, mata nawa ne irinta suke zaune a gida da tsumma, saboda tambayar da muke yi a bakin tebur ba ta bar musu ƙofa ba?

Maman Walid: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Adda, da girmanki? Maganar maɗigo za a kawo mana zauren da 'ya'yanmu mata suke ciki? Hajiya don Allah a goge.

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Ba zan goge ba tukuna. Shekara nawa Adda tana amsa mana tambayoyi kyauta, har tsakar dare? Yau ita ta yi tambaya, a amsa mata. Amma ban da zagi, kuma duk wadda ta ambaci sunan wata ko unguwar wata, ni da kaina zan fitar da ita.

Maman Walid: To Hajiya, tun da kin ce. Ni dai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Muna da matan sunna suna mutuwa wurin haihuwa a ƙauyukan Mayo Rai, babu motar kai su asibiti, su ya kamata mu yi wa kuka.

Ungozomar Garwa: Maman Walid, su ma ina yi musu kuka, a hannuna wasu suke cikawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce mata 406 ne suke mutuwa cikin kowace haihuwa dubu ɗari a Kamaru, kuma kowa ya san arewa ce ta fi ɗaukar nauyin. Shi ya sa aka kawo mana takardar lafiyar masu ciki ta sefa dubu 6. Amma ki lura, wannan takarda ta mai ciki ce. Kusan duk ƙofar da mace take bi ta shiga asibiti a nan, ta awo ce ko ta rigakafin yara. Wadda ba ta da miji, ba ta da ciki, ba ta da goyo, me zai kai ta gabanmu? Sai ciwo ya kayar da ita.

Batun ruwa da tsuntsu kuwa, wannan sankarar ba ta bin wannan lissafin. Ƙwayar cutar da ake kira HPV ce take jawo ta, kuma yawancin waɗanda na gani da ita matan aure ne da ba su taɓa sanin kowa ba sai mijinsu. Ƙwayar tana wucewa ta haɗuwar fata da fata, don haka tana wucewa tsakanin mace da mace ma. Tana iya kwanciya shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Ita matar nan ban san ko daga auren ƙuruciyarta ta samu ba, ko daga baya. Babu mai iya sani.

Malamar Islamiyya, Marwa: Bari in sa baki kafin a yi nisa. Hukuncin aikin a addini ba a ɓoye yake ba, haramun ne, kuma ba na jin Adda ta zo halatta shi. Amma Maman Walid, a ina kika karanta cewa mai zunubi ba a yi masa magani? Mashayin giya in hantarsa ta kumbura, korar sa ake yi? Kuma hadisin Bukhari da Muslim ne, wanda ya rufa asirin Musulmi Allah zai rufa nasa ranar kiyama. Abin da nake so in tambayi Adda kuma, ke da kike maganar sirri, ya aka yi kika kawo mana labarin baiwar Allah nan gaban mutum sama da ɗari biyu?

Ungozomar Garwa: Malama kin kama ni a inda ya dace. Na canza sana'arta, na canza shekarunta, ba a Garwa take zaune ba. Kuma ita ta ce in faɗa. Cewa ta yi, "ki gaya wa masu irin halina su zo a duba su, ni dai nawa ya wuce."

Malamar Islamiyya, Marwa: Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne, ya shirye mu baki ɗaya.

Goggon Yara: Ni wani wuri labarin ya taɓa ni, wurin tafinta. Mahaifiyata Bororo ce. Ina 'yar shekara goma sha biyu nake raka ta asibiti in fassara mata, don ni aka sa a makaranta. Ku yi tunanin yarinya tana gaya wa namiji baƙo cewa uwarta tana jin ƙaiƙayi a gabanta. Wallahi ban taɓa fassarawa daidai ba. In ta ce ƙasanta, sai in ce cikinta. Ita ma da kunyar Fulani ba za ta gyara ni ba. Shekara biyu ana ba ta maganin tsutsar ciki.

Ga kuma kallon da ake mata. Ta ajiye ƙwaryar nono a bakin ƙofa, ta shiga da warin man shanu, sai ka ga an toshe hanci, a bar ta a benci har waɗanda suka zo bayanta su gama. Ita fa babu wani sirri da take ɓoyewa, matar aure ce mai 'ya'ya tara. To ina ga wadda ta haɗa rashin yare, da ƙabilar da aka raina, da talauci, sannan da abin da in ta faɗa za a iya ɗaure ta? Ni ban ce na yarda da abin da suke yi ba. Amma na san zaman bencin nan.

Ɗalibar Lafiya: Goggo, abin da kika faɗa shi ne ainihin abin da muka karanta a aji, ke kin faɗe shi da Hausa mai kyau. Wata malamar shari'a a Amurka, Kimberlé Crenshaw, ta yi rubutu a 1989 cewa wahalar baƙar mace ba za a gane ta ba in an ware launin fata gefe, an ware zamanta mace gefe, don a wuri guda suke haɗuwa su danne ta. A can baƙar mace ta ninka farar mace kusan sau uku wajen mutuwa ta dalilin ciki da haihuwa. Can kuma aka gano matan da suke neman mata ba su cika zuwa gwajin bakin mahaifa ba, wasu lokutan ma ma'aikacin lafiya ne da kansa yake ce musu ba sa buƙata, daidai abin da aka yi wa matar da Adda ta ba mu labarinta. An fi samun shan taba da giya da ciwon damuwa a cikinsu. Wani mai bincike, Ilan Meyer, ya bayyana dalili a 2003: zaman ɓuya da tsoron tonon asiri kullum yana cin jiki kamar yadda ciwo yake ci.

Akwai wanda ya fi ba ni mamaki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, a bincikenta na 2010, ta samu kashi 61 cikin ɗari na matan da suke sha'awar maza da mata duka sun taɓa fuskantar duka, ko fyaɗe, ko bibiya daga abokin zama. Masu neman mata kaɗai kashi 44, sauran mata kashi 35.

Maman Walid: Ga shi nan ai. Na san a nan za a ƙare, Amurka ta ce, Turawa sun ce. Su da suka halatta abin har da ɗaurin aure, su za su koya mana? Ƙanwata, karatun nan ki yi hankali da shi.

Ɗalibar Lafiya: Anti, ban kawo don a kwaikwaye su ba. Na kawo ne don su sun ƙirga. Nan wa zai ƙirga? Wace mata za ta amsa wa mai takarda da biro irin wannan tambayar?

Ungozomar Garwa: A nan zan ɗan goyi bayan Maman Walid, ko da ba ta inda take nufi ba. Lissafin Amurka ba zai zauna daidai a kanmu ba. A can da yawansu ba sa aure, ba sa haihuwa, shi ya sa ake musu maganar sankarar mama, don rashin haihuwa da rashin shayarwa suna ɗan ƙara haɗarinta. A nan kuwa 'yan kaɗan da suka taɓa buɗe mini ciki, yawancinsu da aurensu, da 'ya'yansu. An yi musu aure suna sha biyar, sha shida. Wata ma don an yi zargin ne aka gaggauta auren, wai shi ne magani. Na ga wadda aka kai wurin ruƙiyya aka dake ta har hannu ya goce, aka kawo mana aka ce faɗuwa ta yi a bayi. Na ga mai ciwon kai da rashin barci shekara da shekaru, ta sha farasitamol har ya daina mata aiki, hawan jini ya kama ta tana talatin. Matan Duwala da Yawunde masu Faransanci da waya mai kyau aƙalla sun san inda za su je su yi tambaya. Tamu ta cikin lungu ko sunan ciwon ba ta sani ba.

Maman Husna, Injamena: Sannunku da muhawara, yanzu na gama karantawa. A nan Cadi ma haka ne ko fiye. Asibiti Larabci ne da Faransanci, Bahaushiyar da ta taso cikin gida sai da ɗan rakiya. Kuma tun 2017 sabuwar dokar laifuka, sashe na 354, ta sa ɗaurin wata uku zuwa shekara biyu da tarar sefa dubu 50 zuwa dubu 500. Da ma mutanenmu sun saba tsallaka gadar Ngeli zuwa Kuseri ta Kamaru neman magani. Wasu don sauƙin kuɗi, wasu kuwa, na rantse, don kawai can babu wanda ya san su. Ina da maƙwabciya, bazawara, ita ba wannan matsalar ba ce, ciwon sanyi ne kawai, amma ta gwammace ta biya kuɗin mota ta tsallaka wata ƙasa da a ga ta shiga ɗakin duba mata a unguwarmu.

Ɗalibar Lafiya: Anti, in don doka ce, tsallakowa Kuseri gudun gara ne a faɗa gidan zago. Tamu ta fi tsanani. Sashe na 347-1 na dokar 2016, wata shida zuwa shekara biyar, da tarar dubu 20 zuwa dubu 200. Tun 1972 take nan da wata lamba. Kuma ba maza kaɗai ba, a 2012 an kama mata a Ambam can kudu da wannan tuhumar.

Goggon Yara: Doka dai ta san wanda take kamawa. A 2024 'yar shugaban ƙasa, Brenda Biya, ta sa hotonta da wata a Instagram, duniya ta gani. Wa ya je ya kama ta? In kanta ya yi ciwo jirgi za ta hau. Mai ƙosai ce za ta ƙirga 'yan ɗari biyar.

Hajiya Mai Atamfa: Goggo, a bar siyasa, ba na son a rufe mana zaure. Yanzu wata daga cikinku ta turo mini saƙo ta gefe, ta roƙi in sa ba suna. Ga shi yadda ta rubuta, kuma kada wadda ta tambaye ni wace ce:

"Hajiya ina cikin zauren nan tun da aka buɗe. Ina da aure da yara uku. Abin da Adda ta faɗa ya shafe ni. Na yi kuka, na yi azumi, na yi saukar Alƙur'ani a kai, ni da Ubangijina ne. Ba fatawa na zo nema ba. Wata biyu ke nan ina ganin jini bayan kwanciya da maigida. Ina tsoro in je a duba ni a gane wani abu a jikina a gaya masa. Nas ɗin unguwarmu ƙawar kishiyata ce. Shin ana ganewa? Kuma dole sai na faɗa?"

Maman Walid: Subhanallahi. A cikinmu?

Malamar Islamiyya, Marwa: Maman Walid, ki yi shiru haka nan don Allah. Baiwar Allah, ki ci gaba da addu'arki, ƙofar tuba ba ta rufe ba. Amma jini ba ya jiran a gama wannan. Ki je asibiti. Jikin nan amana ne, 'ya'ya uku kuma suna kallonki.

Ungozomar Garwa: 'Yar uwa, ki saurare ni da kyau. Babu abin da ake gani a jikin mace da zai nuna wannan. Babu. Duk wanda ya ce miki ana ganewa, ƙarya yake. Kuma ba dole sai kin faɗa ba. Abin da za ki ce kawai: ina ganin jini bayan kwanciya, wata biyu, ina so a duba bakin mahaifata. Wannan ya isa.

Jinin nan sau da yawa ba sankara ba ne. Yana iya zama ciwon sanyi, ko wani ɗan tsiro mara illa, ko laushin bakin mahaifa. Amma ba a sani sai an duba. Ga yadda ake yi: za ki kwanta, a sa wani ƙarfe ko roba mai kama da bakin agwagwa a buɗe a haska. A shafa ruwan binega da auduga, a jira minti ɗaya. In akwai wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. In ƙarami ne ana ƙona shi da na'urar zafi ko ta sanyi, wani lokaci a ranar, ki koma gida da ƙafarki. Da ɗan rashin daɗi, amma bai kai naƙuda ko kusa ba. Wanda ya yi nisa shi ne mai kai mutum kudu: mota zuwa Gaundare, kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, wataƙila har Duwala don a gasa ciwon da na'ura, ga kuɗin masauki a garin da ba ki da kowa. Matar da na ba ku labari a nan maganarta ta tsaya, kuɗin ba su kai ba.

Batun sirri, doka ta hana ma'aikacin lafiya fitar da abin da ya ji a bakin aiki, sashe na 310 ne. Amma ba zan yaudare ki ba, na sha jin labarin marasa lafiya yana yawo a ɗakin hutunmu ana dariya, ni ma a ƙuruciyar aiki na taɓa sa baki, Allah ya yafe mini. Saboda haka kada ki je na unguwarku. Ki hau moto ki tafi wani can nesa. In kina buƙatar tafinta kada ki ɗauki ɗa ko ɗan miji, ki nemi ma'aikaciya mai jin Hausa a can, ba a cika rasawa ba.

Ɗalibar Lafiya: In ƙara kaɗan ga kowa da kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so a gwada kowace mace aƙalla sau biyu, kafin ta kai 35 da kuma kafin 45. Mai ɗauke da ƙanjamau ta ninka sauran mata sau shida wajen haɗarin wannan sankarar, ita tata dubawar ta fi yawa. Allurar rigakafin HPV kuma tun 2020 ake yi wa 'yan mata masu shekara tara kyauta a Kamaru.

Maman Walid: Allurar da aka ce tana hana haihuwa? Ni na hana a yi wa tawa a makaranta.

Ungozomar Garwa: Ba ta hana haihuwa. Tawa 'yar ni na riƙe mata hannu aka yi mata. Wannan mu ware masa rana guda, don dogo ne.

Maman Walid: To. Ni dai har yanzu ina kan bakata, abin nan ɓarna ne kuma ba na so a saba da jin sa. Amma tambaya nake da ita, ba don kowa ba, don kaina. Ni shekarata 41, haihuwa bakwai, duk a asibiti, ba a taɓa shafa mini wani binega ba. Awo bai wadatar ba ke nan?

Ungozomar Garwa: Bai wadatar ba. Awo ɗan ciki ake dubawa, da jininki, da fitsari. Wannan daban ne, sai kin nema da bakinki.

Goggon Yara: Ni ma ban taɓa ba. Adda, in na kawo Inna daga ruga fa? Ta haura sittin, kuma wannan karon ba ni zan yi tafinta ba.

Ungozomar Garwa: Kawo ta, ni zan yi mata da Fulatanci, ke ki zauna a waje. A shekarunta binega ba ya nunawa sosai, amma zan duba ta in ji ko da abin da yake damunta. Na riga na roƙi shugabar sashenmu mu daina yin tambayoyin nan a bakin tebur inda layi yake ji, a bari sai an shiga ciki an rufe ƙofa. Ta ce za ta duba. Ni dai a ranakun aikina na daina cewa kina da miji, sai in ce kin taɓa yin gwajin nan? In ta ce a'a, in ce hau gado.

Hajiya Mai Atamfa: Mai saƙon ɗazu ta sake turowa. Ta ce: "Na gode. Zan ce masa awon hawan jini zan je. Wace rana ce babu cunkoso, kuma in ina al'ada za a iya?"

Ungozomar Garwa: Ki bari ta ɗauke da kwana biyu ko uku. Ki guji Litinin da ranar rigakafin yara, layi har waje. Ki je bayan azahar, ki sayi sabon karne a bakin ƙofa kada ki ɗauki na gida. Hawan jinin ma ki sa a auna da gaske, a rubuta a tsohon karnen, don in ya ce mu gani ki nuna masa.